Layi Biyar Bayan Asuba

Ɗana, mahaifiyarka ta faɗa mini ka ɗaura niyyar haddace Alƙur'ani, har ka ɗiba wa kanka wa'adin shekara ɗaya. Na ji daɗi ƙwarai, Allah ya yi albarka. Amma ta ƙara da cewa a makon farko raba dare kake yi a kan tabarma, shafi uku-uku kake ɗauka, yanzu kuwa yau kwana 12 ke nan ba ta ji muryarka ba. Kada ka ɗauka ƙararka ta kawo, damuwa ce irin ta uwa. Ni ma ba faɗa zan yi maka ba. Zauna mu yi lissafi.

Izu 60 ne. Wanda zai gama a shekara, dole kowane kwana shida ya riƙe izu guda, kai kuwa ga makaranta da safe, ga shagon babanka da yamma. Akwai masu yi, Allah ya hore musu, sai dai akasarinsu ba su da wani aikin bayan wannan. To duba bugun Madina da ke hannunka: shafi 604, kusan kowane shafi layi 15. In ka ɗauki layi biyar kacal a rana, shafi guda ke nan a kwana uku, kuma cikin shekara biyar ka kai ƙarshe. Ka sa ranakun ciwo da na tafiya, a ce shida. Yau shekararka 19. Ka ga tun ba a kai lefenka ba, mai yiwuwa an yi walimar saukarka.

Na san abin da zuciyarka ke raya maka, wai layi biyar ya yi kaɗan ga namiji kamarka. Haka tawa ta raya mini lokacin da aka kai mu gabas, ƙasar Barno, muna yara. A tsangayarmu allo ne ma'auni. Abin da malam ya ga kanka zai ɗauka shi za ka rubuta da alƙalamin kara da tawadar da kai ka haɗa da hannunka, ya biya maka, ka koma gefe ka yi ta maimaitawa. Ba ka da ikon wanke allon nan sai ka kawo hadda ya saurara ya ce ta zauna. Akwai wani yaro a cikinmu mai kaifin ƙwaƙwalwa, kafin hantsi ya riƙe nasa, ya yi ta roƙon a ƙara masa. Malam ya hana, ya ce ya koma ya yi tishen na baya. Mu a lokacin gani muke an tauye shi. Sai da muka girma muka gane cewa sabon karatu daɗi gare shi, kowa na sonsa, tsohon ne ke gudu in ba a ɗaure shi ba. Yaron nan daga baya ya zama alaramma, ya rubuta Alƙur'ani da ka tun daga Fatiha har Nasi. Da an biye masa, ina jin da ya sauke da wuri, ya zubar da wuri.

Kuma ka lura, ko a can ba kullum ake karatu ba. Ranar Alhamis hutu ne, a yi wanki, a yi ɗinki, a je kasuwa. Mutanen da suka tsara haka sun san ɗan Adam, sun san igiyar da aka ja ba sassautawa tsinkewa take yi.

Saboda haka kada ka auna kason karatunka da ranar da kake jin ƙarfi. Auna shi da ranar da ka kwana da zazzaɓi, ko safiyar hunturu da ruwan alwala ke yankan hannu, ko ranar da aka ɓata maka rai a shago. Abin da za ka iya a irin wannan rana, shi ne naka na gaskiya. Ranar da ka ji kuzari ya yi yawa, zuba shi a tilawar abin da ya wuce. Zafin nema ba ya kawo samu.

Sai lokaci. Kada ka ce "in na samu sarari", domin sarari ba ya zuwa da kansa, ni da na kai waɗannan shekaru ban taɓa ganin ya yi sallama ba. Allah ya riga ya kafa maka turaku biyar a yini, ɗaure karatunka a jikin ɗaya. Ni Asuba nake zaɓar maka: ka sallame, kada ka koma shimfiɗa, ka zauna a wuri guda da ka saba, ko a masallacin ko a zaure. Bayan 'yan makonni ƙafarka ce za ta riƙa kai ka, ba sai ka yi shawara da zuciya ba. Ita dai zuciya, in ka tambaye ta kowace safiya, barci za ta zaɓa.

Asubar kuma tun daren jiya ake shirya ta. Wanda ya kai ƙarfe ɗaya yana latsa waya, daga WhatsApp ya faɗa TikTok, ya riga ya sayar da safiyarsa. Ban ce ka jefar da ita ba, da ita nake jin muryarka. Ka dai sa ta caji a wani ɗakin bayan Lisha.

Wata rana za ka fasa, babu makawa. Abin da ke kashe mutane shi ne kunyar da ke biyo baya: ya fasa ɗaya, ya ce gobe zai rama biyu, goben ta yi masa nauyi, ya fasa, bashi ya taru har ya daina son kallon Littafin ma. Ina zaton abin da ya same ka ke nan. Ba a bin ka bashin kwana 12 ɗin nan. Gobe ka ɗauki biyar ɗinka kamar ba abin da ya faru.

In ka shigo Kano, zan kai ka marinar Ƙofar Mata ka tsaya ka kalli marini. Yakan tsoma zane a ruwan baba, ya ɗaga ya sha iska, ya sake tsomawa, haka haka har shuɗin ya kama ya yi duhu. Iskar da yake sha tsakanin tsomawa da tsomawa ita ke fito da launin. Na daɗe ina ganin karatu a cikin aikin nan nasu.

Abu na ƙarshe, kada ka yi shi kai kaɗai. Nemi malami a unguwarku wanda za ka riƙa kai wa hadda, ko sau biyu a mako, domin kunnenka ba zai kama kuskuren bakinka ba, kuma sanin cewa wani na jiranka yakan tashe ka ranar da niyya ta yi sanyi. Kafin ka samu, ni zan riƙe maka. Ranar Laraba bayan Magariba zan kira ka. Daga gobe Asabar zuwa ranar, layi 25 ke nan, su nake so in ji, kada ka ƙara ko ɗaya. Ka gaishe mini da mahaifiyarka.