Wasan yaƙi a kan tebur

Tambayarmu daga Unguwar Rimi take, a Kaduna. Mai sauraronmu ya ga Turawa a talabijin sun jera 'yan gumakan sojoji a kan tebur suna ta awo, yana tambaya ko wasan yara ne.

To Malam, manya ne suka ƙirƙiro shi. A 1824 wani hafsan Jamus mai suna Reisswitz ya nuna wa manyan sojojin Furusiya wasa irin wannan a kan taswira, suka karɓe shi a matsayin horo. A 1913 kuma marubucin Ingila H. G. Wells ya buga littafin Little Wars, farar hula ma suka shiga.

Sau da yawa ɗan gunki ɗaya yana wakiltar rukunin mayaƙa. Da ma'auni ake auna tafiyarsu, mahaya sun fi dakaru nisan zango, sannan a jefa ɗan ludo a ga ko harbi ya samu. Ba a sa kuɗi, don haka ba caca ba ce.

Ni da za ka ji shawarata, ka bar yaƙe-yaƙen Turawa su huta, ka ɗauki yaƙin Tafkin Kwatto na 1804: dawakin Sarkin Gobir Yunfa a gefe ɗaya, maharban jama'ar Shehu ƙarƙashin Abdullahi ɗan Fodiyo a ɗaya gefen. Yumɓu da kwali sun ishe ka wajen yin 'yan gumakan. Tarihin kuwa ka leƙa Arewa House, ba ta da nisa da ku.