Girman Mota Ba Ya Hana Haɗari: Gargaɗi ga Masu Jif da Hilux

Jif da Hilux motoci ne da aka ƙera domin hanyar da ƙaramar mota ba ta iya bi: burji mai ramuka, rairayi, taɓo, da kwazazzabon da ruwan sama ya zaizaye. Ƙasansu a ɗage yake, tayoyinsu manya ne, injinsu kuma yana iya juya tayoyi huɗu a lokaci guda. Kamfanin Toyota ya fara ƙera motar da ta zama Land Cruiser a 1951, ya fito da Hilux a 1968, kuma su biyun suna cikin manyan motocin da ke yawo a Gusau. Amfaninsu a Zamfara ba ya buƙatar dogon bayani. Duk wanda aiki ya taɓa kai shi Ɗansadau ta Magami a tsakiyar damina, ko ƙauyukan Tsafe irin su Keta da Ɗanjibga, ya san akwai wurin da ƙaramar mota take ajiye fasinjanta. Ma'aikatan rigakafi, jami'an tsaro, dillalan hatsi da manyan manoma da waɗannan motoci suke kaiwa inda za su.

Akwai kuma jin daɗi, kuma babu laifi a faɗe shi. Direba yana zaune a sama yana hangen hanya, ramin da ke girgiza ƙashin bayan mai ƙaramar mota ba ya damunsa, iyali da kaya duk suna shiga. Addini bai hana mutum abin hawa mai kyau ba idan da halalinsa ya saya. Abin da ke buƙatar gyara shi ne wata magana da ta zama ruwan dare a garejoji da majalisun Tudun Wada a Gusau, wai jif ba ya faɗuwa, wai yana riƙe titi saboda nauyinsa, wai wanda ke cikinsa ya tsira ko me ya faru. Wannan magana ba gaskiya ba ce, kuma ita ke sa direbobi taka totur a hanyar Gusau zuwa Tsafe da ta Bungudu zuwa Talata Mafara fiye da yadda motar za ta iya ɗauka.

Dalilin da jif ya fi saurin kifewa

Tsayin da ke taimaka wa jif ƙetare rami shi ne rauninsa a kan kwalta. Nauyinsa yana can sama, nesa da ƙasa. Idan direba ya fizgi sitiyari da gudu domin kauce wa rami, ko dabba, ko ɗan kabu-kabu, nauyin yana karkata gefe guda, tayoyin ɗaya gefen su saki ƙasa. A irin wannan fizga ƙaramar mota sau da yawa zamewa take yi, jif kuwa yana iya wuntsilawa. Idan an ɗora buhuna ko jarkoki a rufin motar, an ƙara ɗaga nauyin sama, an kuma rage gudun da za ta iya jurewa kafin ta kife. Haka idan tayar gefe ta sauka daga bakin kwalta zuwa kafaɗar titi da ruwa ya cinye, direba ya yi hanzarin mayar da ita. A nan kifewa kan faru sau da yawa.

Giyar tayoyi huɗu ma an yi mata mummunar fahimta. Aikinta ta taimaka wa mota ta tashi a laka ko rairayi. Ba ta ƙara wa birki komai, domin kowace mota, babba ko ƙarama, a tayoyi huɗu take taka birki. Land Cruiser mai injin V8 ta haura tan biyu da rabi, kusan ninki biyu na Corolla, kuma duk wannan nauyi birki da roba ne za su tsayar da shi. Idan gudu ya ninka sau biyu, nisan da mota ke buƙata kafin ta tsaya yana ninkawa kusan sau huɗu. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta ƙayyade wa motocin gida kilomita 50 a awa a cikin gari, 80 a babbar hanya, 100 a kan titin da aka ware wa gudu. Babu wani rangwame da aka yi wa jif a wannan ƙa'ida.

A Hilux da ire-irenta, sanya giyar tayoyi huɗu a kan busasshiyar kwalta ɓarna ce tsantsa. Tayoyin gaba da na baya suna ɗaurewa su juya tare, alhali a kwana ba nisa ɗaya suke ci ba. Sakamakon shi ne cin taya, ƙarin shan mai, da karyewar ƙarafunan ƙasa masu tsada. Ana sanya ta idan an sauka daga kwalta, a cire idan an hau.

Haka batun ruwa. A watan Agusta direbobi kan tura jif cikin rafin da ya ciko, da tunanin nauyi zai riƙe shi. Ruwa mai gudu da zurfinsa ya kai kamu ɗaya da 'yan kai, wato kimanin santimita 60, yana iya ɗaukar babbar mota ya tafi da ita. Idan kuma ruwa ya shiga ta inda inji ke shaƙar iska, injin ya gama aiki nan take. Rafin da ba a ga ƙasansa ba, jira ake yi ya sauka.

Taya

A nan ya kamata a fi tsayawa, domin a nan sakaci ya yi yawa kuma yana kisa. Mutum zai sayi mota ta miliyoyin naira, sannan ya sa mata tayar gwanjo saboda sabuwa ta yi tsada. Taya roba ce, tana tsufa ko an hau ta ko ba a hau ba. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu da ke nuna mako da shekarar da aka yi ta: 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Hukumar Kiyaye Haɗurra tana gargaɗin a daina amfani da taya idan ta shekara huɗu daga wannan kwanan wata. Zanen da ke jikinta ba hujja ba ne. Taya na iya zama da zane mai zurfi alhali robar ta bushe, wayoyin ciki sun fara rabuwa.

Iska ma haka. Masu faci da yawa suna cika tayar jif har ta yi tauri, wai babbar mota sai iska mai yawa. Wasu direbobin kuma ba sa duba iska sai taya ta kwanta. Duka biyun haɗari ne. Iska mai yawa tana rage faɗin robar da ke taɓa ƙasa. Iska kaɗan tana sa gefen taya lanƙwasa yana miƙewa har ya yi zafi ya fashe, balle a watannin Maris da Afrilu da zafin Gusau ke haura digiri 40. Adadin da ya dace yana rubuce a jikin ƙofar direba, kuma da safe ake aunawa, kafin taya ta yi zafi.

Fashewar taya a dogon jif ba kamar a ƙaramar mota ba ce. A Amurka, a watan Agustan 2000, kamfanin Firestone ya janye tayoyi miliyan 6.5 daga kasuwa, bayan an gano suna ɓarewa a kan gudu, akasari a jikin jif ƙirar Ford Explorer, motar ta kife. An danganta mutuwar mutum sama da 200 da wannan matsala, a ƙasar da titunanta suke lafiyayyu. Idan taya ta fashe, direba ya riƙe sitiyari da hannu biyu, ya sassauta totur a hankali, kada ya danna birki da ƙarfi, kada ya fizgi mota. Kuma kowa ya ɗaura bel, har da na kujerar baya, domin a kifewa wanda aka cillo waje shi ya fi mutuwa. Bayan Hilux kuwa wurin kaya ne. Wanda aka ɗora a can ba shi da kariya ko kaɗan.

Shan mai da ɓarnar gareji

Tun da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki, ta haura 1,000 a watan Oktoban 2024. Lissafin mai sauƙi ne. A ɗauka babban jif yana shan lita 16 a kilomita 100, ƙaramar mota tana shan 8. Mai tafiyar kilomita 1,500 a wata zai ƙona lita 240 maimakon 120. Idan lita tana naira 1,000, bambancin naira 120,000 ne duk wata, alhali mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a 2024 naira 70,000 ne. Wanda tafiyarsa ba ta wuce gida, ofis, makarantar yara da masallaci, duk a kan kwalta, yana biyan wannan kuɗi ne a kan ƙarfin da ba ya amfani da shi.

Wasu makanikai suna ƙara wa abin muni. Da mota ta shigo daga Kwatano, sai a cire mata tamostat a haɗa fanka kai tsaye, wai an yi ta ne domin ƙasar sanyi. Injin zamani an tsara shi ya yi aiki a zafi kusan digiri 90. Idan bai kai ba, kwamfutar motar tana ɗauka yanzu aka tayar da shi, sai ta yi ta ƙara mai. Idan jif yana zafi, a duba lagireto, fanka da famfon ruwa. Haka matatar hayaƙi da ke cikin salansa, wadda ake fasawa a sayar saboda ƙarafa masu daraja da ke cikinta. Cire ta ba ya ƙara wa mota lafiya, sai dai ya sa mai Keke Napep da ke biye da ita shaƙar gubar da ya kamata a tace. Sai kuma barin inji a kunne da na'urar sanyaya wuri a ƙofar gidan biki ko wurin ɗaurin aure na tsawon awa, ba kowa a ciki sai direba. Wannan almubazzaranci ne da babu tawilin da zai wanke shi.

Haƙƙin wanda ke waje

Nauyin da ke kare na cikin jif, wanda ke waje ne yake biyan kuɗinsa. Ƙaramar mota ƙafafun mai tafiya take bugewa. Dogon gaban jif kuwa ƙirji da kai yake samu, ya jefa mutum ƙasa a gaban taya. Cibiyar binciken haɗurra ta kamfanonin inshora a Amurka ta gano a 2023 cewa motocin da tsayin gabansu ya haura mita ɗaya sun fi masu gajeren gaba haɗarin kashe mai tafiya a ƙasa da kimanin kashi 45 cikin 100. Yaro ƙarami da ke tsaye dab da gaban irin wannan mota ko bayanta, direba ba ya ganinsa sam. A lungunan Tudun Wada, inda yara, almajirai, masu talla da 'yan kabu-kabu ke cuɗanya a hanya ɗaya, wannan ba ƙaramin al'amari ba ne. Ƙarfen da ake ɗaura wa gaban mota domin kare fitila yana ƙara munin raunin wanda aka buge. Motar da ba ta shiga daji ba ta da buƙatarsa. A shari'ar Musulunci kisan kuskure yana da diyya da kaffara, kuma girman mota ko muƙamin mai ita ba ya sauke ko ɗaya.

Hayaƙi ma haƙƙi ne. Kowace litar fetur da aka ƙona tana fitar da kimanin kilo 2.3 na iskar da ke ɗumama duniya, ta dizal kuma kusan 2.7. Hukumar Makamashi ta Duniya ta ce kusan rabin motocin da aka sayar a duniya a 2023 jif ne, kuma hayaƙin dukkan jif da ke kan hanya ya haura tan biliyan ɗaya a shekara. A Faris, a watan Fabrairun 2024, mazauna birnin suka kaɗa ƙuri'ar ninka wa manyan motoci kuɗin ajiyewa sau uku. Manoman Sahel suna cikin waɗanda sauyin yanayi ya fi taɓawa.

Hukumomi suna da kaso mafi girma na laifi. A ƙarshen 2023 aka saya wa 'yan Majalisar Tarayya manyan jif, waɗanda rahotanni suka ce kowane ya haura naira miliyan 100, kuma hujjar da aka bayar ita ce hanyoyin ƙasar sun lalace. Wanda aka ba amanar gyara hanya, idan ya sayi motar da za ta ɗauke masa jin ramin, ya cire kansa daga matsalar ya bar talaka a cikinta. Ayarin manya da ke gudu da jiniya a tsakiyar gari yana koya wa matasa cewa babbar mota ta fi ƙarfin doka. Jami'an ZAROTA, hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa ta Zamfara, da na Hukumar Kiyaye Haɗurra su duba tayar jif mai baƙin gilashi kamar yadda suke duba ta motar haya.

Abin yi

Mai shirin saye ya fara lissafa hanyoyin da yake bi a zahiri. Idan gona, ƙauye da ɗaukar kaya ne aikinsa, Hilux ko jif haƙƙinsa ne, ya saya ya ji daɗinsa. Idan cikin gari ne, ƙaramar mota ta fi masa, daidai ruwa daidai tsaki. Tsoron masu garkuwa da mutane ba hujjar gudu ba ne. Mota mai tsada ido take jawowa, kuma tafiya da rana, bayan an tambayi halin hanya, ta fi gudun dare kariya. Wanda ya riga ya mallaka ya duba shekarun tayoyinsa har da ta ajiya, ya auna iska duk mako, ya mayar da tamostat, ya sauke kaya daga rufi, ya zagaya motar kafin ya ja da baya a ƙofar gida, kada kuma ya miƙa makulli ga yaron da bai da lasisi. Jif yana buƙatar gudu ƙasa da na ƙaramar mota, ba sama da shi ba, kuma direban da bai yarda da wannan ba bai cancanci tuƙa shi ba.