Darasin Wata: Alkawarin Rage Hayaƙi Da Yadda Ake Bin Sawunsa

Wanda ya hau Dutsen Dala da yamma zai hango birnin Kano. Zai ga hayaƙi yana tashi daga murhun itace, da janareto, da motoci. Masana sun tabbatar cewa wannan hayaƙi yana taruwa a sama, yana ƙara wa duniya zafi. Idan zafi ya ƙaru sai damina ta rikice, a samu fari ko ambaliya. Manomi ne ya fi shan wuya.

Saboda haka ƙasashen duniya suka taru a birnin Faris na Faransa a 2015. Suka yarda kowace ƙasa ta rage hayaƙinta. A 2021 Shugaba Muhammadu Buhari ya yi alkawari a madadin Nijeriya. Ya ce zuwa 2060 hayaƙin ƙasar ba zai wuce wanda za a iya shanyewa ba, ta hanyar itatuwa da wasu dabaru. A shekarar ce kuma ya sa hannu a dokar sauyin yanayi.

To amma alkawari kaya ne. Manomi ba ya sanin albarkar gonarsa sai ya ƙirga dami. Haka ma ƙasa. Dole ta auna hayaƙinta, ta kai rahoto Majalisar Ɗinkin Duniya duk bayan shekara 2. Duk bayan shekara 5 kuma ta sabunta alkawarinta.

Hanya ɗaya ta rage hayaƙi ita ce samun lantarki daga hasken rana. A 2019 an buɗe irin wannan tasha a Jami'ar Bayero, mai ƙarfin megawat 7.1. A 2023 an buɗe wata a Challawa, mai megawat 10. Amma buɗe tasha ba shi ne ƙarshen aiki ba. Sai an riƙa dubawa ko tana ba da wuta.

Mutanen unguwa ma suna da rawar takawa. Wanda ya iya rubutu ya sami littafi. Ya rubuta fitilun titi masu aiki da rana, da rijiyoyin burtsatse, da itatuwan da aka dasa. Bayan wata 6 ya sake ƙirgawa. Abin da ya lalace a sanar da mai unguwa ko kansila. Gani ya kori ji.

Tambayoyi
1. Daga ina hayaƙi yake fitowa a garinku?
2. Wane alkawari Nijeriya ta yi a 2021?
3. Me ya sa ake sake ƙirga?