Ƙarfen Da Aka Ce Ba Ya Tsatsa

Mukan fassara sunan wannan ƙarfe da "marar tsatsa", amma duk wadda ta taɓa mance cokalinta cikin ruwan gishiri kwana da kwanaki ta san wannan fassara ta zarce gaskiya.

Asalinsa baƙin ƙarfe ne da aka gauraya da ƙarfen kuromiyam, aƙalla kashi 10.5 cikin ɗari. Harry Brearley ya haɗa irinsa a birnin Shafil na Ingila cikin 1913. Kuromiyam yakan haɗu da iskar oksijin, ya haifar da wata 'yar fata siririya, wadda ido ba ya gani, ta lulluɓe ƙarfen. Ko an karce ta, takan warke da kanta, muddin dai iska tana isa wurin.

To, a nan gizo ke saƙa. Gishiri yakan huda fatar nan, ya bar ƙananan ramuka. A lungun da iska ba ta shiga kuwa, kamar ƙarƙashin kan kusa ko inda datti ya daskare, fatar ba ta samun damar warkewa. Soson baƙin ƙarfe ma yakan bar ɓurɓushinsa a jikin tukunya, ya yi ja, a ɗora wa tukunyar laifi. Saboda gishirin nan ne ake ƙara ƙarfen molibdinam cikin wanda za a yi aiki da shi a bakin teku.