Yadda ake fitar da tabon zufa daga alharini

Ƴan uwa manoma da makiyayan Damargu, daga Tanut har Belbeji, kowa ya san zafin bazara. Daga watan Maris zuwa Mayu, da wuya mutum ya je suna ko biki bai jiƙe da zufa ba. Zufa ba cuta ba ce, da ita jiki yake sanyaya kansa. Amma in ta bushe a jikin alharini, takan bar tabo rawaya a wuya da hamata.

Alharini, wato siliki, ba baƙo ba ne a ƙasarmu. A zamanin da, ayarin raƙuma ne suke kawo shi daga Tarabulus, su ratsa Damargu zuwa Damagaram da Kano. Akwai kuma zaren tsamiya, wanda ake yi wa babbar riga aiki da shi. Dukansu tsutsa ce take saƙa su. Saboda haka alharini ya fi kama da gashi, ba da auduga ba. Gishirin da ke cikin zufa yana raunana shi, yana ɓata launinsa. Riga ɗaya ko ɗankwali na lefe kuɗin hatsi ne mai yawa, bai kamata a yi hasararsu ba.

Abubuwa huɗu da za a kiyaye

1. Kanwa da ruwan toka: suna cin zaren.
2. Ruwan jabel: yana narkar da alharini.
3. Ruwan zafi: yana kama tabon ya zauna.
4. Rana mai ƙarfi: tana kashe launi, zaren ya yi rauni.

Yadda za a wanke

1. Kada a jinkirta. In an tuɓe tufa, a wanke ta a ranar ko washegari.
2. A sami ruwan sanyi mai tsabta. In na tabki ne, a bari ya kwanta, a tace. In rijiyar tana da kanwa, a nemi wani ruwan.
3. A zuba babban cokali ɗaya na ruwan lemun tsami tatacce cikin lita ɗaya ta ruwa.
4. A gwada a ɓoyayyen wuri, kamar cikin kalmasa. In launi ya zuba, a dakata.
5. In bai zuba ba, a tsoma farin ƙyalle, a riƙa danna shi a kan tabon a hankali. Kada a cuɗa.
6. A wanke da sabulu maras ƙarfi kaɗan, a ɗauraye sosai.
7. Kada a murɗe. A naɗe tufar cikin busasshen zane ya tsotse ruwan, sannan a shanya a inuwa.

Rigar da aka rina da baba, mai ƙyallin bugu, ba a jiƙa ta duka. Wurin tabon kaɗai ake taɓawa.

Rigakafi ya fi magani. A sa ƴar shara ta auduga a ciki, ta tare zufa. Kada a fesa turare a kan alharini. Kada kuma a ninke tufa mai zufa a sa cikin akwati: tabon da ya shekara da wuya ya fita.

Tambayoyi

1. Don me ba a wanke alharini da kanwa?
2. A ina ake shanya shi?