Wasiƙa ga matashi mai neman sana'a: ka duba aikin tsaron gobara

'Ya'yana da ƙannena,

Na lura idan aka yi maganar sana'ar hannu, hankalin yawancinku bai wuce gyaran waya, ɗinki, walda ko haɗa sola ba. Duk sana'o'i ne masu albarka, sai dai layinsu ya yi tsawo. Akwai wata da masu tsayuwa a ƙofarta ba su da yawa, ita ce sanya wa gini ƙararrawar da za ta ji gobara tun tana ƙarama, da bututun da zai feshe ta da ruwa kafin motar 'yan kwana-kwana ta iso.

Buƙatar ba ɓoyayya ba ce. Babbar kasuwar Jos ta ƙone a Fabrairun 2002, ta shafe fiye da shekara 20 ba ta dawo yadda take ba. A Maris na 2016 wuta ta cinye dubban shaguna a kasuwar Sabon Gari ta Kano. A 2021 kaɗai, babbar kasuwar Sakkwato ta kama a Janairu, ta Katsina ta biyo baya a Maris. Dattawan Yamai kuwa ba su manta da gobarar babbar kasuwarsu ta 1982 ba. Kullum sai mu yi jaje, mu ce Allah ya mayar da alheri, kuma daidai ne mu ce haka. Amma wutar da ta ci rumfa dubu, akwai lokacin da bokiti ɗaya ya ishe ta. Wannan ɗan lokacin shi ne gonar mai wannan sana'a.

Aikin ba sabo ba ne. A 1874 wani Ba'amurke mai suna Henry Parmelee ya ƙera kan feshi mai buɗe kansa don ya tsare masana'antarsa ta fiyano a garin New Haven. Frederick Grinnell ya inganta shi a 1881. Da abin ya yaɗu, kowane kamfani na yanka bututu da awon da ya ga dama, sai masu inshora suka zauna a 1896 suka kafa ƙungiyar NFPA, suka fitar da ƙa'ida guda. Har gobe za ku ji injiniya a Abuja yana ambaton NFPA 13 idan maganar feshi ce, NFPA 72 idan ta ƙararrawa ce, ko BS 5839 ta Ingila. Ku riƙe waɗannan lambobi, za ku yi ta karo da su.

Sana'ar reshe biyu ce, na ruwa da na waya. Bari in fara da ruwa, don a nan aka fi jahiltar abin.

Fina-finai sun koya wa mutane cewa da zarar an kunna ashana, duk silin gini zai ɓarke da ruwa. Ba haka ba ne, kuma wannan tsoron ne ke sa mai shagon atamfa ya ce a kai kasuwa. A tsarin da aka fi sanyawa, kowane kan feshi zaman kansa yake. A bakinsa akwai 'yar kwalba siririya mai ruwa a ciki, ita ke toshe bututun. Idan zafi ya kai mata, ruwan ya kumbura, ta fashe, sai wannan kan kaɗai ya buɗe a daidai inda wutar take. Hayaƙi ba ya buɗe shi, sai zafi. Launin ruwan kwalbar shi ke gaya maka awonta: ruwan lemo digiri 57, ja 68, rawaya 79, kore 93, shuɗi 141.

A nan ne ake gane wanda ya koya da wanda ya kwaikwaya. Ja shi ne gama-gari, shi ya cika kasuwa, amma ƙa'ida ta ware shi ne ga wurin da zafin silinsa ba ya wuce digiri 38. To ku dubi Sakkwato ko Maiduguri a watan Afrilu, inda iskar waje ma kan haura 40, balle ƙarƙashin kwanon sito da ba a yi masa silin ba. Wanda ya jera ja a irin wannan wuri don shi ya saba gani, ya gayyato wa mai kaya ambaliya da rana tsaka. Haka nan ba a shafa wa kan feshi fenti, ba a rataya masa komai, kuma ana barin tazarar kusan santimita 45 tsakaninsa da kayan da aka jibge a ƙasansa. Ku je ku gaya wa ɗan kasuwar da ke tula diloli har rufi, za ku san cewa rabin sana'ar nan iya magana ce.

Bayan kan feshi akwai tankin da aka ware wa gobara kaɗai, ba wanda ake alwala da wanki da shi ba. Akwai injinan tura ruwa, galibi uku: ƙaramin da ke riƙe matsi a cikin bututu, babba na lantarki, da na dizal mai tashi da kansa idan an ɗauke wuta. A ƙasarmu na ukun nan shi ne uban tafiya. Za ka koyi karanta zanen gini, yanka baƙin bututun ƙarfe, yi masa zare, ɗaure shi a jikin dakin. Idan an gama, sai a cika layin da ruwa a matsa shi zuwa psi 200, a bar shi awa biyu. In allurar agogo ta sauka, akwai yoyo, sai a koma nema.

Reshen waya ya fi dacewa da wanda ya taɓa wayarin ko gyaran rediyo. Akwai na'urar jin hayaƙi, da ta jin zafi wadda ake sa wa kicin da ɗakin janareta inda hayaƙi ba baƙo ba ne, da ɗan jan akwatin bango da mutum ke dannawa, da jiniya. Duk suna komawa ga fanel, wato akwatin da ke sarrafa tsarin baki ɗaya. Tsohon yayi yakan ce maka wuta na sashe kaza ne kawai. Sabon yayi kowace na'ura da lambarta, zai ce maka ɗaki kaza a hawa na uku, kuma da kwamfuta ake tsara shi. A cikin fanel akwai batir da ake so ya riƙe tsarin aƙalla awa 24 babu lantarki. Babban abokin gabarka a Arewa shi ne ƙurar hunturu. Tana shiga na'urar hayaƙi, jiniya ta tashi da tsakar dare ba gaira ba dalili, sau biyu sau uku, sai maigadi ya gaji ya zare waya. Daga ranar ginin ba shi da tsaro, alhali kowa na ganin na'urori a silin yana barci da minshari. 'Yan mata ma ku ji: tsara fanel, zane da AutoCAD da lissafin matsin ruwa ba su buƙatar ƙwanji.

Sai maganar koyo. A Amurka mai koyon haɗa bututun feshi a ƙarƙashin ƙungiyar ma'aikata yakan yi shekara biyar, yana aiki ana biyansa, yana kuma karatu, albashinsa na ƙaruwa mataki-mataki. Na kawo wannan ne don kada wani ya ruɗe ku da kwas na sati biyu da takarda mai ado. Mu a nan hanyar ita ce ka fara da tushe, aikin famfo ko wayarin, a kwalejin fasaha ko a hannun ƙwararre, sannan ka liƙe wa kamfanin da ke wannan aiki. Ka nemi shaidar NABTEB ko gwajin sana'a na ma'aikatar ƙwadago, wanda ake hawa daga mataki na uku zuwa na ɗaya. Ka riƙa leƙa ofishin ITF don jin horon da suke bayarwa. Ko masu koyo a Panteka ta Kaduna yanzu ana gwada su a ba su takardar ƙwarewa. Kada ka raina takarda, domin banki da otal da asibiti ba sa ba da kwangila da baki. Kuma ka daure da Turanci da lissafi gwargwadon karanta littafin na'ura.

Wajen zaɓen maigida, kada ka dubi motarsa. Ka dubi abin da yake yi ranar miƙa aiki. Yana fesa hayaƙin gwaji a kowace na'ura, ko biyu yake taɓawa a gaban mai gini ya ce sauran ma haka suke? Yana buɗe bawul ɗin gwaji ya ga injin ya tashi? Abin da ka ga yana yi, shi hannunka zai saba da shi.

Ina nanata wannan ne saboda sana'ar nan ta bambanta da saura. Tela ya ɓata ɗinki, ranar Sallah za a gani. Makaniki ya yi algus, mota za ta tsaya a hanya. Kai kuwa aikinka zai iya shekara goma a silin ba wanda ya san ko yana aiki, kuma ranar da za a sani, akwai mutane a cikin ginin. Za a zo maka da tayi iri-iri. Ɗan kwangila zai ce ka maƙala kawunan feshi ba tare da bututu a bayansu ba, don masu dubawa su gani su sa hannu. Wani zai ce ka sa wayar lantarki ta gida maimakon mai jure wuta, a raba rarar. Ka ƙi, ko da aikin zai kuɓuce maka. Wanda ya sa hannu a kan ƙararrawar da ya san ba ta kuka, ya san abin da ya ɗauka a wuyansa.

Ba zan ɓoye muku wahalar ba. Akwai hawa tsani da rarrafe a cikin silin da zafin bazara, da ɗaukar ƙarfe, da kwana a wurin aiki. Manyan ayyukan sun fi yawa a Abuja, Legas da Fatakwal, don haka a farko sai ka yarda da tafiya. Kuma kuɗin shekarun farko ba zai burge ka ba. Amma ga abin da masu rububin kwangila ke mantawa: sanyawa sau ɗaya ake yi, dubawa kuwa ba ta ƙarewa. Injin dizal ana tayar da shi duk mako, batir na mutuwa, ƙura na taruwa, wani na rufe bawul ya manta. Mai gine-gine biyar ko shida da yake zagayawa bisa yarjejeniyar shekara ya fi mai jiran babbar kwangila kwanciyar hankali.

In maganar ta shige ka, gobe idan ka shiga banki ko babban otal ka ɗaga kai ka dubi silin, sannan ka nemi fanel a kusa da ƙofar shiga. Sau da yawa za ka tarar da takardar kamfanin da ke kula da shi a liƙe, da lambar waya. Ka kwafe ta, ka yi shiga mai kyau, ka je ofishinsu da kanka ka ce koyo kake so, kuma a shirye kake ka fara da riƙe tsani.

Allah ya yi muku albarka.

Naku,
Kawunku