Amsoshin Tambayoyinku: Tsohon Kekena Ya Yi Mini Nauyi a Hawan Tudu

TAMBAYA: Ina da keke ƙirar Raleigh da na gada daga mahaifina, Allah Ya ji ƙansa. Da shi nake zuwa fadama, da shi nake kai albasa kasuwa. Yanzu shekaru sun fara ja, idan na ɗauko kaya zan hau tudu sai na sauka na tura, gwiwoyina kuma suna ciwo. Wasu sun ce in sayar in sayi mai giya. Ko akwai dabarar da za a yi masa ya yi sauƙin tuƙi? Daga wani manomi a Maikujera, Jihar Sakkwato.

AMSA: Amin, Allah Ya gafarta masa. Kada ka yi gaggawar rabuwa da kekenka, domin gyaran da yake bukata ƙarami ne.

Irin waɗannan kekuna masu taya inci 28, ko Raleigh na birnin Nottingham a Ingila, ko Phoenix na Sin, ko Hero na Indiya, yawancinsu giya ɗaya gare su, kuma an auna ta ne don shimfiɗaɗɗen titi. Ƙasarku ba haka take ba. Duk wanda ya taso daga fadamar Rima zai hau gari irin Wurno, ko ya ratsa rairayin hanyoyin ƙauyukan Rabah da Goronyo da buhu a bayansa, ya san ƙafa ce ke biyan bashin.

Nauyin feda yana fitowa ne daga abu biyu: babban farantin haƙora da ke wajen feda, da ƙaramin da ke jikin tayar baya, wanda masu gyara ke kira firiwil. Ka kifa keken, ka ɗiga alli a haƙori ɗaya, ka ƙirga su. Na gaba yawanci za ka tarar da 44, 46 ko 48, na baya kuwa 18 ko 20.

Mu ɗauka naka 46 ne da 18. Duk juyi ɗaya na feda, tayar baya za ta juya sau biyu da rabi da ɗan ɗoriya. Tun da kewayen tayar ya kai kimanin mita 2.2, kowane juyi yana tura ka mita 5.6, kai da keken da buhun. Idan aka sa firiwil mai haƙora 20, tazarar ta dawo kusan mita 5. Idan mai 22 ne, mita 4.6 ke nan, kuma ƙarfin da za ka danna ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin biyar. Wannan ragin ne ke raba mai hawa a kan sirdi da mai turawa a ƙasa.

Sai dai ba a cin biyu. Abin da ka samu na sauƙi za ka biya shi da gudu: inda da kake yin kilomita 20 a awa a kan kwalta, da irin wannan tuƙin za ka dawo wajen 16 da rabi. Ga mai ɗaukar kaya wannan ba asara ba ce.

Idan ka je wurin mai gyara, ka lura da abubuwa huɗu. Na farko, ƙarin haƙora huɗu a baya yana bukatar a ƙara wa sarƙa cikakkiyar gaɓa ɗaya, wato inci ɗaya, don tayar ta zauna inda take. Na biyu, idan sarƙar ta tsufa ta miƙe, a canza ta tare da firiwil ɗin, in ba haka ba za ta cinye sabbin haƙoran cikin ɗan lokaci. Kada a ɗaure ta tamau. A bar mata wasa kamar faɗin yatsa idan an danna tsakiyarta. Na uku, birkin waɗannan kekuna na sandar ƙarfe ne, don haka da zarar taya ta gusa gaba ko baya sai an sake daidaita robar birkin, kuma ka gwada shi kafin ka gangara da kaya. Na huɗu, idan kekenka yana da murfin da ya rufe sarƙa ruf, a auna ko mai 22 zai shiga ba tare da gugar murfin ba. Idan ya ƙi, mai 20 zai yi. A kuma shafa giris a zaren kafin a murɗa sabon, don ranar cire shi ta zo da sauƙi. In ba a samu kayan a kusa ba, a cigita a Achida ko wurin masu kayan keke a Sakkwato.

Idan farantin gabanka 48 ne, mayar da shi 44 zai ƙara sauƙi. Amma a waɗannan kekuna farantin haɗe yake da hannun feda, sai an canza su tare, don haka ka fara da na baya tukuna.

Akwai kuma giya uku ta cikin cibiyar taya, ta kamfanin Sturmey-Archer, wadda wasu tsofaffin Raleigh suka zo da ita. Samfurinta da ya fi yaɗuwa ya fito a 1936. Lamba 1 tana rage nauyin tuƙi da kwata, 2 daidai take, 3 tana ƙara gudu da kashi ɗaya cikin uku. Da yake a rufe take, ƙurar hunturu ba ta damunta sosai. Idan ka dace da mai lafiya, sai an sake ɗinke wayoyin tayar a kanta, kuma dole yawan hujojinta ya yi daidai da na gargaren, domin wasu 40 ne, wasu 36. Ka kuma nemi wanda ya iya saita wayarta, don idan saitin ya kauce feda kan zame tsakanin 2 da 3, ƙafa ta faɗa wofi.

Giyar waje irin ta kekunan zamani kuwa ban ba ka shawarar liƙa wa wannan keke ba. Tana son siririyar sarƙa da buɗa ƙafafun firam na baya, ga yashi da ke saurin cinye ta.

Kafin ka kashe ko kwabo, ka duba abubuwan da ba su da tsada: iska a taya, mai a sarƙa, birkin da ke gugar gargare, da tsayin sirdi. Ka zauna ka ɗora dunduniya a kan feda tana can ƙasa. Ya kamata ƙafar ta miƙe. Sirdi a ƙasa yana daga cikin manyan abubuwan da ke jawo ciwon gwiwa ga masu keke. Idan ciwon ya ci gaba bayan gyaran, ko gwiwar tana kumbura, ka je asibiti a duba ka. Allah Ya ba da lafiya, Ya sa albarka a noma.